Shayin Bazara na Mama Laraba

Har yau ban manta da safiyar da na fara sa ƙafa a kicin ɗin gidan baƙi na wani kamfanin gurzar auduga a nan Gombe ba. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne gwangwanayen ganyen shayi guda bakwai a jere a kan kanta, shida a kife, ɗaya kawai a zaune daidai. Ban tambayi kowa ba, don a lokacin ni ba mai tambaya ba ce. Sai bayan kwana biyu na gane da kaina cewa duk gwangwanin da ya ƙare, shugaban kicin kife shi yake yi, don manaja in ya leƙo ya gani ba sai an yi masa bayani ba.

Ku ƙannena da kuke wannan aiki na girki yanzu, bari in fara faɗa muku yadda zamanin yake. Shekara biyu ke nan da aka bar fam da sule aka koma naira. Kuɗin fetur sun shigo, kowa yana odar kaya daga waje, har jiragen ruwa suka cunkushe a Ikko, kaya ba sa sauka. Sai ka ga mutum da sabuwar mota, amma ya zagaye kantunan gari bai sami ganyen shayi na kirki ba. Ni kuwa ina aji huɗu a makarantar horon malamai mata, ina ɓangaren girki da kula da gida. Malamarmu ce ta nemar mana wuraren koyon aiki a hutun bazara, ni aka tura ni wannan gida. Kullum da sassafe nake takowa daga Manawashi, inda mahaifina yake da shagon ɗinki.

Ma'aikatan gidan kashi uku ne. Akwai masu albashin wata, waɗanda aka tabbatar da su, suna da fansho. Akwai masu kuɗin yini, waɗanda za a iya ce musu kada su zo gobe, shi ke nan. Sai kuma irinmu 'yan hutu, da ba a ma sa mu a lissafi. Shugaban kicin shi ne Baba Garba, dattijo dogo mai furfura a gira, wanda ya yi wa Turawa aiki tun kafin a ba mu mulkin kai. Manaja yana kiransa Cif, mu kuma Baba. A can ƙasan kowa akwai Mama Laraba, mutuniyar wajen Kaltungo, mai wanke-wanke. Shekararta tara tana kuɗin yini. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku a wani ɗakin haya a Gabukka.

A satin da na zo ne takarda ta iso daga babban ofis na Kaduna. An ce da an rufe kakar auduga za a tace masu kuɗin yini: wanda yake da sana'a a hannu a tabbatar da shi, wanda ba shi da ita a sallame shi. Jami'in ma'aikata zai zo da kansa nan da mako uku, ya kwana ɗaya, ya cike takardar kowa. Mai ba da ruwa ga shuke-shuke yana da sana'a, direba yana da ita. Wanke-wanke kuwa ba a ɗauke shi sana'a ba. Kowa ya san haka, har da Mama Laraba. Ranar da aka karanta takardar na lura ta wanke tukunya ɗaya sau biyu.

Wata rana da azahar, zafi ya kai inda ƙudaje ma sun nemi inuwa, ina zaune a bayan kicin ina tsince shinkafa, kaina yana sara. Mama ta dube ni ta ce, “'Yar makaranta, fuskarki ta yi kamar ta wadda aka kora daga biki. Zo nan.”

Ta ciro wata kwalba daga cikin ƙunshin zanenta, ta ɗebi wasu busassun abubuwa da yatsu uku ta zuba a kofin silba, ta tsiyaya tafasasshen ruwa, ta rufe da faranti. Ta koma ta wanke kwanuka goma, ina ƙirgawa, sannan ta dawo ta buɗe. Ruwan ya yi ja mai haske, ana ganin gindin kofin. Ƙamshin lemu ne ya fara zuwa, sai na mangwaro a bayansa, sai wani siriri na fure da ban gane ba. Na sha da zafinsa, gumi ya karyo mini, kan ya sake ni.

Ƙamshin ne ya jawo Baba Garba. Ya tsaya a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa.

“Laraba, wane boka ne ya ba ki wannan kuma?”

“Bokan da ya hana jirgin ganyenka sauka,” in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

“Ni da na dafa wa Joji, Baturen mulki, shayi, ni za a kawo wa jiƙon mata a kicin?”

“To Jojin da zai tafi ai da ganyensa ya tafi, Cif. Ka girgiza gwangwaninka ka ji.”

Haka suke kullum, shi ya sa ban tsorata ba. Amma maganar ta same shi, don abin da ya rage a gwangwani na bakwai ba zai kai mako ba, ga babban baƙo yana tafe. Ya karɓi kofin daga hannuna ya shinshina, ya kurɓa. Sai ya juyo gare ni.

“Ke Hajara, ku da kuke karanta girki a littafi. Akwai shayin da ba ganyen shayi a ciki?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Akwai, Baba. Malama ta ce a wasu ƙasashe har manyan mutane ake ba wa.”

“Manyan mutane,” ya maimaita, ya sake kurɓa. “To ku haɗa mini cikin gwangwani guda. Amma ku ji da kyau: ku naku haɗawa ne. Buta da tire nawa ne.”

Wannan ita ce ƙa'idar gidan tun zamanin Turawa. Mai wanke-wanke ba ta taɓa butar baƙi sai in wankewa za ta yi, ba ta kuma shiga falon cin abinci.

Kwana goma muka yi muna haɗawa, kuma a nan ne na koyi abin da littafi bai koya mini ba. Lemu, Mama feraye shi take yi siriri da reza, ba ta barin farin nan na ciki, ta ce shi ne mai ɗaci. Mangwaro kuwa sai wanda ya fara nuna bai yi laushi ba, a yanka shi fale-fale kamar takarda, a shimfiɗa a faifai, a rufe da tsohon gidan sauro. Na ɗauki faifan zan kai kan kwanon rufi inda rana take, ta ƙwala mini kira.

“Ina za ki da su? Kilishi muke yi? Rana tana shanye ƙamshi ta bar miki ƙaiƙayi. Kai su ƙarƙashin rumfa inda iska take wucewa.”

Furen zogale mukan tsinke shi da sassafe kafin rana ta taɓa shi. Furen lemun tsami kuma, shi ne siririn ƙamshin da ban gane ba, Mama ba ta yarda a tsinka. Zane take shimfiɗawa a gindin bishiyar da yamma, da safe mu kwashe wanda ya zubo da kansa. Ta ce duk furen da ka tsinka, lemu ɗaya ka kashe. Akwai na'ana'a da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da suke fitowa a bakin famfo, su ma muka yanka muka shanya. Zoɓo ja ta sayo a kasuwa, ta zauna ta tsince shi ɗaya-ɗaya, ta fitar da duk wanda ya yi baƙi.

Ranar haɗawa ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Zoɓo tafi biyu, mangwaro tafi biyu, ɓawon lemu tafi ɗaya, ciyawa da na'ana'a tafi ɗaya, fure yatsu uku sau huɗu, citta ɗan kaɗan, kanumfari ƙwaya bakwai da ta daddaka da gindin cokali. Ba ta cuɗa da hannu ba, sai ta kama kusurwoyin ƙyallen tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya har komai ya gauraya, don kada furen ya farfashe. Ta gaya wa Baba Garba abu biyu: kada a dafa a wuta, kada kuma ya taɓa tukunyar ƙarfe, sai butar tangaran. Abu na uku ba ta faɗa ba, domin a wurinta ba abin faɗa ba ne. Ita ba ta taɓa sayen madarar gwangwani ba, balle ta zuba a jiƙonta.

Baƙon ya iso ranar Talata da hantsi. Sunansa Malam Isiyaku, gajeren mutum mai tabarau, da alƙaluma uku a aljihun gaba. Ya yini a ofis yana kiran masu kuɗin yini ɗaya bayan ɗaya. Mama ba ta daɗe a ciki ba. Da ta fito na tambaye ta da ido, ta ce, “Ya ce wace sana'a ce a hannuna, na ce wanke-wanke. Ya rubuta.” Ta ɗaura zanen aikinta ta koma bakin famfo.

Ƙarfe huɗu lokacin shayi ne. Ni aka ba aikin miƙa kaya ta tagar da ke tsakanin kicin da falo. Ina tsaye Baba Garba yana shirya tire: kofuna uku, hannuwansu duk suna kallon dama, sukari, cokula, buta. Sai ya huda gwangwanin madara ya juye a ɗan tulunta, ya ajiye a gefen butar.

A gidanmu na taɓa matsa lemun tsami a kan madara da gangan ina yarinya, na ga abin da ya faru, na kuma sha faɗa. Na san zoɓo tsami gare shi. Na buɗe baki zan yi magana. Sai na kalli furfurar girarsa, na tuna shi ne ya dafa wa Joji shayi, ni kuma 'yar hutu ce da ba a sa a lissafi. Na ce a raina wataƙila ya san abin da ban sani ba. Na rufe bakina, ya ɗauki tire ya shiga.

Ta tagar nake kallo. A teburin akwai Malam Isiyaku, da manajanmu Malam Hammadu, da wani akawu da ya rako baƙon. Baba ya yi yadda ya saba shekara talatin: madara tukuna a gindin kofi, sannan shayi a kai. Ya zuba wa baƙo, ya zuba wa manaja. Da ya zo kan akawu, sai shi ya rufe kofinsa da hannu ya ce madara ba ta karɓarsa, aka zuba masa zalla.

Malam Isiyaku ya sa cokali ya juya, sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya leƙa kofin. Abin da ke ciki ya tsinke, ya zama ruwa-ruwa mai launin toka da ja, ga fararen gudaji suna yawo a sama.

“Manaja, mene ne wannan?”

Malam Hammadu ya dubi nasa, fuskarsa ta canja. “Cif! Me ka kawo mana?”

“Ranka ya daɗe, ganye ne ya ƙare, shi ne muka...”

“Ku wa? Wa ya haɗa wannan abin?”

Manaja ya riga ya san amsar, don ya sha ganinmu da faifai a ƙarƙashin rumfa. Ya ce, “Laraba ce ko? Ruɓaɓɓen mangwaro za ta ba baƙon Kaduna? Da ma ga takardarta nan a hannunka, Malam. Ka gani da idonka.”

Mama tana bayana, hannuwanta jiƙe da kumfa, tana jin komai. Ni kuwa idona yana kan kofi na uku. Akawun nan, da yake ba a kula da shi ba, ya riga ya sha rabi. Shayinsa ja ne garau, hasken taga yana ratsa shi.

Ban san lokacin da na sa kaina ta tagar ba. Sai na ji kaina ina magana.

“Ranka ya daɗe, ba mangwaron ba ne.”

Duk suka juyo. Manaja ya ce, “Wace ce wannan?”

“'Yar koyon aiki ce,” in ji Baba.

Malam Isiyaku ya mai da tabaransa ya ce, “Fito ta ƙofa, yarinya, ba a magana da manya ta taga.”

Na zagayo na durƙusa a bakin ƙofa. Na ce, “A dubi kofin wancan malamin. Buta ɗaya ce. Shi ba a sa masa madara ba. Zoɓo da madara ba sa haɗuwa, tsaminsa ne yake tsinka ta.” Na ƙara da abin da ya fi yi mini nauyi. “Na ga an ɗora madarar a tire, na kuma san haka za ta yi. Ban faɗa ba.”

Akawu ya ɗaga kofinsa ya ce, “Yallaɓai, ni dai in ba za ku sha naku ba, a ƙaro mini.”

Malam Isiyaku ne ya fara dariya, sannan manaja ya bi, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba. Baba Garba bai yi dariya ba. Ya kwashe kofuna biyun, ya kawo wasu, ya tsiyaya daga butar nan dai, ba madara. Baƙon ya shinshina ya kurɓa. Ya shanye, ya miƙa kofin aka ƙara.

“Akwai wani fure a ciki,” ya ce.

Baba ya miƙe tsaye sosai, ya haɗa hannuwansa a baya. “Ranka ya daɗe, furen lemun tsami ne. Haɗin na Laraba ne, tun daga tsinka har shanya. Madarar kuma hannuna ne. Shekara talatin ina zuba madara kafin shayi, yau hannun ya riga kan.”

Ban taɓa zaton zan ji haka daga bakinsa a gaban manaja ba.

Malam Isiyaku ya jawo jakarsa ya ciro takardar Mama ya duba. Ya ce, “Cif, na ji, kuma na yarda da kai. Amma nan an rubuta wanke-wanke, da bakinta ta faɗa. Ni abin da na gani nake sa wa hannu, ba abin da aka ba ni labari ba. Na ga shayi, ban ga mai haɗawa ba.” Ya mai da takardar. “Gobe ƙarfe tara zan kama hanya. Sai na karya kumallo nake rufe jakata.”

Manaja bai ce a kawo Mama falo ba, bai ce kada a kawo ta ba. Falon dai na Baba ne, shi yake da ikon wanda zai shiga.

Ba zan ja muku rai ba, tunda ba tatsuniya nake ba ku ba. Mama Laraba ta yi ritaya a wannan kicin da muƙamin mataimakiyar kuku, da fanshonta, kuma 'yarta ta fari ta zama nas. Ni kuma na yi shekaru ina shugabantar kicin a makarantun kwana, na ga masu girki iri-iri. Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, gwani ba ya yin kuskure a abin da bai sani ba, don a nan yakan tsaya ya tambaya. A abin da hannunsa ya saba yake yi. Mai ganin kuskuren kuwa yawanci ƙaramin da ke tsaye a gefe ne, wanda yake jin bai isa ya yi magana ba. Shi ya sa duk kicin ɗin da na riƙe, ranar farko nake gaya wa mafi ƙanƙanta a ciki cewa in ta ga abu ta faɗa tun tire bai fita ba, ko da a kaina ne. Na kuma daina yarda da abin da aka rubuta a gaban sunan ma'aikaci, sai na ga abin da yake yi in ba a sa shi ba.

Amma a yammacin nan ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani shi ne Mama ta gama wanke kofunan da suka tsinke, ta ɗaura mayafinta ta kama hanyar Gabukka ba ta yi wa Cif ko ba'a ɗaya ba. Baba Garba yana zaune a kan benci a bayan kicin, ya yi alwalar magariba, yana jiran kiran salla. Na ɗauki jakata, na kai har bakin ƙofar gida, na tsaya. Na dawo na durƙusa a gefensa.

“Ke ba ki tafi ba? Babanki zai ce na riƙe masa 'ya.”

“Baba, ka yafe mini. Da na yi magana tun a kicin, da ba a ji kunya ba.”

“Da kin yi magana a kicin, da na ce miki yaushe aka haife ki,” ya ce. “Tashi ki tafi.”

Ban tashi ba. Zuciyata tana bugawa kamar ɗazu a bakin taga, amma na riga na gane cewa ba ta kashe mutum.

Na ce, “Baba, alfarma nake roƙo. Gobe da safe ka ara wa Mama farar rigarka ta aiki, wadda ke rataye a sito. Ka bar ta ta shiga falo da buta da gwangwaninta, ta haɗa a gabansa da hannunta.”